Abin da wayarka ke yi wa hotonka kafin ka gan shi

1/
Zare ne mai tsawo, ku gyara zama 🧵

Duk ranar da aka tayar da musun wayar wa ta fi kyamara, megafiksel ake ƙirgawa: tawa 50, taka 108, an gama magana. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a ajin ƙarshe, aikin kammala digirina a kan gyaran hoton waya yake. Ina so in nuna muku inda ainihin wasan yake: ɗan ƙiftawar nan tsakanin danna maɓalli da fitowar hoto.

2/
Mu fara da girma. A bayan gilashin kyamara akwai ɗan faranti mai tara haske, shi ne sensa. A manyan kyamarorin masu hoton biki faɗinsa kan kai milimita 36, tsayinsa 24. Na yawancin wayoyinmu bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ka ɗauka haske ruwan sama ne: wani ya tara baho, kai ka tara murfin kwalba.

3/
Da rana tsaka babu damuwa, ruwan ya ishi kowa. Amma bayan magariba, ko a ɗaki an ɗauke wuta sai ƙwan sola ɗaya, abin da murfin kwalbar ya tara kaɗan ne, kuma ba daidai yake zubowa ba. Shi ne ƙurar nan da kuke gani a hoton dare, ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. In kyamara ta daɗe a buɗe don ta tara da yawa kuma, hannu ya motsa, hoto ya yi dishi-dishi. Gaba kura, baya sayaki.

4/
Megafiksel ɗin ma akwai magana. Wayar da aka rubuta wa 48 ko 50 a kwali, yawanci tana haɗa fiksel huɗu-huɗu su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai 12 ko 12.5. Mai 108 kan haɗa tara-tara ta dawo 12. Ku duba bayanan hoton da kuka ɗauka jiya, za ku gani.

5/
Sensa ba ya ganin launi fa. Kowane fiksel an ɗora masa matacin launi ɗaya tak: ja, kore ko shuɗi. Rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi. Wani masanin kamfanin Kodak, Bryce Bayer, ya mallaki wannan tsari a 1976, har yau kusan kowa shi yake bi. Ma'ana kowane fiksel launi ɗaya ya auna cikin uku, sauran biyun lissafi ne ya cike su daga maƙwabta.

6/
Kashi biyu cikin uku na launin hotonka ƙiyasi ne tun ba a je ko'ina ba. Don haka masu cewa "ni ba na gyara hoto, yadda Allah ya yi ni nake ɗorawa", 'yar uwa, an gyara 😂 Abin tambaya shi ne wa ya gyara, kuma da hotunan su wa ya koyi gyaran.

7/
Dabarar farko da ta canza wasan mai sauƙin fahimta ce. Tawagar Marc Levoy a Google, wanda tsohon malami ne a jami'ar Stanford, ta wallafa ta a 2016 da sunan HDR+. Maimakon hoto ɗaya, waya ta ɗauki da yawa a jere cikin sauri, kowanne na ɗan gajeren lokaci don kada ya yi dishi-dishi, ta jera su daidai a kan juna, ta haɗe su.

8/
Ƙura ba ta faɗa wuri ɗaya sau biyu, fuska kuwa tana nan inda take. In ka haɗa hotuna 9, ƙurar ta ragu kamar sau 3. In 16 ne, sau 4. Night Sight da ya zo wa wayoyin Pixel a 2018 yana haɗa har 15. Deep Fusion na iPhone 11 a 2019 hotuna 9 yake haɗawa. Shi ya sa yanayin dare yake ce maka ka riƙe wayar kar ka motsa.

9/
To ina ƙirƙirarriyar basira ta shigo? Reshen da ake amfani da shi a nan ana ce masa koyo mai zurfi. Ku ɗauke shi a matsayin raga ta lissafi, hawa-hawa, hoto ya shiga ta sama ya fito ta ƙasa. A cikinta akwai lambobi miliyoyi, kuma ba mutum ke saita su ba. Ana ba ta hoto mara kyau, ta gwada gyarawa, a gwada aikinta da takwaransa mai kyau, a ɗan murɗa lambobin. A maimaita har sau miliyoyi. Kamar yaron tela da ake sa shi ya kwance ɗinki ya sake, ya kwance ya sake, har hannunsa ya faɗa.

10/
Ina ake samun hotuna bibbiyu haka? A 2017 Andrey Ignatov da abokan aikinsa a jami'ar ETH da ke Zurik a Suwizalan suka ɗora wayoyi uku, iPhone 3GS, BlackBerry Passport da Sony Xperia Z, a kan mariƙi ɗaya da kyamarar Canon 70D, suna danna su lokaci guda. Hotuna dubbai. Raga ta koyi mayar da hoton waya ya yi kama da na Canon.

11/
A 2018 kuma Chen Chen da abokansa suka yi na duhu: a ba raga ɗanyen hoton da aka ɗauka cikin ƙiftawa a wuri mai duhu, a nuna mata wanda aka ɗauka a nutse na daƙiƙoƙi. Ka ga baƙi ƙirin ya shiga, ɗaki da kayan cikinsa sun fito. Ranar da aka nuna mana a lakca, wani daga baya ya ce "Malam wannan ai tsafi ne", aji ya fashe da dariya.

12/
Sai dai duk wannan a manyan kwamfutoci aka horar, masu cin wuta kamar injin niƙa. Waya kuwa tana da iyaka uku: batir, zafi, da haƙurin mai ita. Babu wanda zai tsaya minti guda yana jiran hoto, amarya ta riga ta wuce.

13/
Ga lissafin da ya sa abin ke da wuya. Ragar da ke gane ko wannan kyanwa ce ko kare, hoto ɗan mitsitsi take kallo, fiksel 224 sau 224, kusan dubu 50. Hoton megafiksel 12 kuwa 4000 ne sau 3000. Ya ninka kusan sau 240. Kuma ba kalma ɗaya za ta fitar ba, kowane fiksel sai ta taɓa shi.

14/
A ce hawa ɗaya na ragar yana riƙe lambobi 32 ga kowane fiksel, kowace lamba bayit 4. Miliyan 12 sau 32 sau 4. Giga ɗaya da rabi ke nan. Hawa ɗaya fa! A wayar da RAM ɗinta giga 3 ne ko 4, ga WhatsApp da TikTok sun riga sun shimfiɗa tabarma a ciki.

15/
Ragar da ke gudu lafiya lau a kwamfutar sashenmu, ranar da na ɗora ta a wayata don gwaji, bayan wayar ya yi zafi kamar dutsen guga, manhajar ta rufe kanta ba sallama. To fannin namu gaba ɗaya ke nan: yadda za a matse raga ta shiga aljihu ba tare da ta manta aikinta ba.

16/
Hanya ɗaya ita ce a sake fasalin ragar. A 2017 Google ta fitar da MobileNet, inda aka raba babban lissafin kowane hawa gida biyu masu sauƙi, aiki ya ragu sau 8 zuwa 9. Lambobinta miliyan 4.2 ne. Tsohuwar raga VGG16 tana da miliyan 138, amma wajen gane hoto tazararsu kaɗan ce.

17/
Wata hanyar, a rage daidaiton lambobin kansu, daga bit 32 zuwa bit 8. Kamar mai shagon da ya daina lissafin kwabo, naira kawai yake ƙirgawa. Raga ta ragu sau 4, ta ƙara sauri, ta rage cin batir. Amma bit 8 matakai 256 ne kacal, in ba a yi a hankali ba sai ka ga sararin sama ya fito layi-layi maimakon ya sauka sumul.

18/
Akwai kuma ta malami da almajiri, wadda Geoffrey Hinton da abokansa suka shahara da ita a 2015: a horar da ƙatuwar raga, sannan a sa ƙarama ta riƙa kwaikwayon amsoshinta.

19/
Amma wadda ta fi burge ni, wadda na gina aikina a kai, ita ce HDRNet, ta Michaël Gharbi da abokansa daga MIT da Google, 2017. Tunaninsu: me ya sa raga za ta wahala da fiksel miliyan 12 don kawai ta yanke shawarar inda za a ƙara haske? Ka ba ta ƙaramin kwafi, 256 sau 256. Ta kalla, ta ce nan fuska ce a inuwa a ɗaga ta, nan sama ce a kwantar da ita.

20/
Ba hoto take fitarwa ba. Umarni take rubutawa a wani ɗan jadawali mai gidaje 16 sau 16 sau 8, kowane gida da lambobi 12 na yadda za a juya launi. Sai wani mataki mai arha ya bi babban hoton yana aiwatarwa. Kamar oga mai fenti ya tsaya daga nesa ya ce bangon can a yi masa kaza, yara su hau tsani. Da irin wannan ne Pixel 4 a 2019 take nuna maka gyararren hoto a fuskar waya tun kafin ka danna.

21/
Sai kayan aikin. A 2017 Huawei ta sa wa furosesarta Kirin 970 wani sashe na lissafin raga kawai, NPU. Shekarar kuma Apple ta sa Neural Engine a A11, mai lissafi biliyan 600 a daƙiƙa. Yau manyan wayoyi duk suna da irinsa. Wayar da yawancinmu muke iya saya a Farm Centre ko a hannun wani, nata rarrauna ne ko babu. Ragar da za ta zauna a cikinta dole a matse ta fiye da kowa.

22/
A nan ne abin ya daina zama lissafi kawai a wajena. In ka matse raga, me take fara mantawa? Sara Hooker da abokan aikinta sun bincika wannan a 2019 da 2020 a kan ragogin gane hoto. Suka ga jimillar maki ba ta sauka sosai, amma asarar tana taruwa a kan abubuwan da ba su da yawa a hotunan horo. Abin da raga ta gani kullum ta riƙe. Wanda ta gani jefi-jefi shi take fara zubarwa.

23/
Yanzu ku tambayi kanku: a cikin hotunan da aka tara a titunan Turai da Amurka da Sin, sau nawa baƙar fuska a ƙarƙashin ƙwan sola ta fito? Lalle fa? Tsagar fuska fa?

24/
Kakata tana da bille a kumatu da 'yar baka, tsagar gidansu. Ta tsufa, zanen ya yi laushi amma yana nan. Daren kamun yayata na ɗauke ta hoto da wata waya ta cikin gida, tana zaune a bakin rumfa. Hoto ya fito fes, haske ko'ina, zaninta har ƙyalli yake. Na miƙa mata.

25/
Ta daɗe tana kallo. Ta ce: "Kai maigida, wannan wace ce ka auro a kaina?" Aka yi dariya, ai wasan jika da kaka ne. Sai ta sa yatsa a kumatunta, ta sa a fuskar waya, ta ce: "Ina askar gidan ubana?" Babu. Kumatu sumul kamar na jaririya.

26/
Na kashe yanayin ƙawata fuska na sake ɗauka. Tsagar ta ɗan dawo, kamar an goge alli da hannu. Dalilin a fili yake ga wanda ya san aikin: siririn layi mai duhu a kan fata mai duhu, cikin ƙarancin haske, tazararsa da ƙura kaɗan ce. Mai share ƙura da bai saba ganin irinsa ba zai haɗa da shi ya share. Mutanen da ke ɗauke da irin wannan tsaga suna ƙarewa, ba a yi wa yaran yanzu. Hotunan da za mu gada su ne na waya.

27/
Abin ba yau ya fara ba. Zamanin fim, masu wanke hoto suna saita launin injinsu da katin Kodak da ake kira Shirley, hoton farar mace. Shekaru da dama shi ne ma'auni. Har yanzu kyamara kan auna haske ta nemi tsaka-tsaki, shi ya sa ranar Sallah in ka sa farar shadda, shadda ta fito kai ka ɓace, sai haƙora.

28/
An fara gyarawa, gaskiya. Google ta fitar da Real Tone tare da Pixel 6 a 2021, bayan ta zauna da masu ɗaukar hoto da suka ƙware a baƙar fata ta ƙara irin hotunan a horo. A 2022 ta rungumi ma'aunin launin fata mai matakai 10 na Ellis Monk, malami a Harvard. Kafin nan ma'aunin Fitzpatrick mai matakai 6 aka fi amfani da shi, wanda likitan fata ya ƙirƙira a 1975 don sanin yadda fata ke ƙonewa a rana.

29/
Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno, Infinix da itel, tun da wuri ya gane akwai kasuwa a nan, ya yi suna a Afirka da layi biyu, batir mai daɗewa da kyamarar da aka saita wa baƙar fata.

30/
Amma a kula, fito da baƙar fata daban, haskaka ta daban. Wayoyi da manhajoji da yawa in sun ga fuska sai su ɗaga ta mataki biyu su goge, mu kuma mu ce kyamarar nan tana fitar da mutum. A ƙasar da man bilicin ke ci kasuwa, ƙanwarka 'yar shekara 15 tana kallon kanta kullum a madubin da ke ce mata ga yadda ya kamata ki kasance. Ni dai wannan bai kwanta min ba.

31/
Ɗaya gefen matsalar ya fi ban tsoro: ragar da ke ƙara abin da babu. A 2020 an ba wata manhajar bincike mai suna PULSE, daga jami'ar Duke, hoton Barack Obama da aka dusashe. Ta fito da fuskar wani Bature tas. Ba ta gano abin da ke ɓoye ba, ta zana abin da ta fi sabawa da shi ne.

32/
A Maris 2023 wani mai amfani da Reddit ya dusashe hoton wata da gangan, ya nuna a allon kwamfuta, ya ɗauka da wayar Samsung daga nesa. Hoto ya fito da ramukan wata dalla-dalla, waɗanda babu su a allon. Samsung ta yi bayanin cewa wayar na gane wata, sannan raga ta ƙara masa fitowa. Wata dai fuska ɗaya yake nuna mana kullum, ba asara. Lambar mota fa? Fuskar wanda ake zargi?

33/
A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara da ƙirƙirarriyar basira a matsayin hujja a shari'ar kisa. Mu kuwa a nan, ɓarawo ya shiga shago, a ɗauko hoton kyamarar tsaro a wanke da manhaja, a watsa a guruf ana "ku taya mu nema". Fuskar da ta fito tana iya zama ta wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kun san yadda unguwa take in an ce ga shi nan.

34/
Shi ya sa a aikina na zaɓi hanyar da ba ta da ikon zane. Haɗa hotuna da yawa ya kashe ƙura, don wannan haske ne na gaske da sensa ya tara. Sannan raga irin HDRNet ta daidaita launi da haske. Ita launi kawai take iya juyawa, ba ta iya ƙirƙiro ido ko hanci. Hotona ba zai kai na masu zane sheƙi ba, malamin da ke duba aikina ma ya faɗa min. Na ce na ji, Malam, a bar ni a haka.

35/
Kafin mu gama namu, abin da ke hannunku: ku shiga saitin kyamara ku kashe ƙawata fuska, musamman in tsoho za ku ɗauka. Ku juya shi ya fuskanci haske, ko na fitilar wata wayar ne daga gefe. Ku taɓa fuskar a allo kafin ku danna, don a auna haske da ita ba da shadda ba. Ku jingina gwiwar hannu. Ku goge gilashin da gefen riga, maiƙon yatsa babu ragar da ke maganinsa.

36/
In hoton na ajiya ne, ku tura shi a WhatsApp a matsayin fayil. Turawar da aka saba tana matse shi, siraran layuka su ne farkon tafiya.

37/
Abin da ya rage min yanzu hotunan horo ne: namu, na dare, bibbiyu, ɗaya da waya ɗaya da babbar kyamara a kan mariƙi guda. Na samu mai hoton biki da zai ara min kyamara ranakun da ba shi da aiki. Ina neman mutum masu launin fata daban-daban, masu tsaga, masu lalle, masu gemu, masu hijabi fari da baƙi. Akwai takardar amincewa, kuma hoton ba zai hau intanet ba. Mai sha'awa ya yi min magana ta akwatin saƙo.

38/
Masu tambaya ku ajiye a ƙasa, ina da lakca ƙarfe 4, in na fito zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai tambaye ni wace waya zai saya ya haɗo da kuɗin da ke hannunsa, kar mu ɓata wa juna data.